Takwas Cikin Arba'in: Yadda Aka Raba 'Yan Wasan Fitzroy a 1996

Makalar wannan mako za ta tsallaka da mu Ostireliya, zuwa wata ƙwallo da ba a nunawa a gidajen kallonmu. Amma tambayar da ke cikinta duk mai goyon bayan kulob ya san ta: idan kaka ta ƙare, wa za a riƙe, wa za a sallama? A 1996 wannan tambaya ta faɗa kan kulob guda sukutum. Sunansa Fitzroy, shekararsa 113 da kafuwa, kuma cikin 'yan wasansa arba'in da 'yan kai, takwas kacal aka ba damar ci gaba da sa riga mai tambarin zakinsa.

Sai na ɗan yi shimfiɗa, don wasan ya bambanta da namu. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, filin ma haka, domin sau da yawa a filayen kurket ake buga ta. Mutum goma sha takwas ne kowane ɓangare. Ana cafe ta da hannu, a buga da ƙafa, ko a naushe ta da dunƙulen hannu zuwa ga abokin wasa. Babu raga, babu gola. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: idan aka buga ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya maki shida ne, idan ta bi ta gefe maki ɗaya. Saboda haka kada ka yi mamaki in ka ji an ci wani da ratar maki ɗari. A birnin Melbourne aka rubuta dokokinta a 1859, gasar jihar Victoria kuma da ake kira VFL ta fara a 1897 da kulob takwas. Ita ce aka sauya wa suna zuwa AFL a 1990, bayan ta bazu zuwa sauran jihohin ƙasar.

Tsarin gasar shi ne mabuɗin labarinmu. Ba a faɗawa rukuni na biyu. Wanda ya zo na ƙarshe bana, baɗi yana nan. Tun tsakiyar shekarun 1980 hukumar gasar ta ƙayyade jimillar albashin da kowane kulob zai biya, sannan daga 1986 ta kawo ɗiban matasa bi da bi, inda wanda ya zo ƙasan tebur shi ke fara zaɓa. Yawan sunayen da ke rajistar kulob ma an ƙayyade shi. Attajiri ba zai tara taurari ya jibge a benci ba kamar yadda muke gani a Firimiya. Kafin sabon yaro ya shigo sai an soke sunan wani. Da zarar kaka ta ƙare a watan Satumba, koci da jami'an kulob kan kira 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, wani ya fito da sabon kwantiragi, wani ya fito ya kwashe kayansa. Gurbi a rajista shi ne dukiyar wannan gasa.

Fitzroy unguwa ce ƙarama ta ma'aikata a arewa da tsakiyar Melbourne. An kafa kulob ɗinta a 1883, yana cikin takwas ɗin da suka fara VFL, kuma a farko shi ne dodon gasar. Ya ɗauki kofi a 1898, 1899, 1904, 1905, 1913, 1916, 1922 da 1944. Na 1916 akwai abin dariya a ciki: saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya kulob huɗu ne kawai suka buga, Fitzroy ya ƙare a ƙasan tebur, amma da yake duka huɗun sun shiga zagayen ƙarshe, sai ya doke sauran ya ɗauke kofin. A nan Haydn Bunton ya ci lambar Brownlow, wato ta gwarzon gasa, sau uku, a 1931, 1932 da 1935. A nan Doug Nicholls, ɗan asalin ƙasar, ya buga a shekarun 1930, mutumin da ya zama Gwamnan Kudancin Ostireliya a 1976. Kevin Murray ya yi wa kulob ɗin wasa 333.

Bayan 1944 ba a sake ganin kofi ba. A ƙarshen 1966 kulob ɗin ya bar filinsa na titin Brunswick, ya zama ɗan haya: Princes Park, Junction Oval, Victoria Park, ya sake komawa Princes Park, daga ƙarshe Western Oval. Ɗan haya kuwa ba shi ke cin ribar fili ba, kuma yaron da ya tashi a unguwar ba ya ganin kulob ɗin a ƙofar gidansu. Magoya baya suka yi ta raguwa, bashi ya yi ta hawa. A fili dai ba su mutu ba, don a 1986 wasa ɗaya ya rage su kai wasan ƙarshe, Hawthorn ta tare su. A 1989 aka shirya haɗe su da Footscray, magoya bayan Footscray suka bazama tara kuɗi cikin makonni uku suka wargaza shirin.

Daga nan sai rajistar ta fara zuba kamar tulun da ya tsage. Gary Pert ya tafi Collingwood, Richard Osborne ya tafi Sydney. Alastair Lynch, wanda shi ne babban mai ci musu maki, ya sa hannu a kwantiragin shekara goma da Brisbane Bears a ƙarshen 1993. Bayan shekara guda kyaftin Paul Roos ya bi sahun Osborne zuwa Sydney. A nan ba kulob ne ke zaɓar wanda zai riƙe ba, 'yan wasa ne ke zaɓar ko za su zauna, kuma wanda albashinsa ke makara ba a yi masa wa'azin kishin riga. Lissafin nasara ya nuna komai: goma a 1993, biyar a 1994, biyu a 1995, ɗaya tilo a 1996, a kan Fremantle.

Cikin neman tsira Fitzroy ya ci bashin dala miliyan 1.25 na Ostireliya daga kamfanin inshorar Nauru, wani ɗan tsibiri a tekun Pasifik da ya yi arziki da ma'adinin fosfat. Ita kuma hukumar AFL, ƙarƙashin Ross Oakley, tana da nata lissafin. Melbourne ta cika da kulob, an riga an ba Port Adelaide lasisin shigowa, ana kuma son gasar ta tsaya a kulob goma sha shida. Sai hukumar ta ajiye dala miliyan shida ga duk kulob biyun da suka yarda su haɗe.

Shugaban Fitzroy, Dyson Hore-Lacy, da 'yan kwamitinsa sun zaɓi North Melbourne. Hujjarsu a bayyane take: maƙwabta ne, haɗaɗɗen kulob zai zauna a Melbourne, tsohon da ya shekara hamsin yana zuwa kallo zai ci gaba da hawa taragon birni ya je fili. Magana ta yi nisa har an tsayar da suna. Amma ranar 28 ga Yuni 1996 masu bin bashi na Nauru suka naɗa Michael Brennan ya karɓi ragamar kulob ɗin don ƙwato musu kuɗinsu. Daga ranar, kwamitin Fitzroy ba shi da ta cewa a kan makomar Fitzroy.

Abin da ya kashe haɗewa da North shi ne yawan sunaye. North ta nemi a bar wa haɗaɗɗen kulob rajistar wajen mutum 50 da ƙarin sarari a albashi. A ido wannan tausayi ne, don ƙarin gurbi yana nufin ƙarin yaran Fitzroy da za su tsira da aikinsu. Sai dai North a wannan shekarar ita ce ke tashe, tana da Wayne Carey, kuma ita ce ta ɗauki kofin 1996 ɗin. Sauran kulob suka duba suka ga idan aka ƙara wa mai ƙarfi zaɓaɓɓun Fitzroy, shekaru za a yi ba a taɓa shi ba. Ranar 4 ga Yuli shugabannin kulob suka kaɗa ƙuri'a, goma sha huɗu suka ƙi, ɗaya ya yarda. A daren aka amince da tayin Brisbane Bears, wanda shugabanta Noel Gordon ya kawo: rajistar mutum 44, takwas daga Fitzroy. Tsakanin Melbourne da Brisbane akwai tafiyar kilomita fiye da 1,600 a mota.

A ganina wannan ƙuri'a ita ce sallama mafi girma a tarihin gasar, kuma waɗanda suka yi ta ba kocin Fitzroy ba ne, abokan hamayyarsa ne. Kowannensu ya duba maslahar kulob ɗinsa, ba laifi ba ne a dokance, amma ba wanda ya zauna a wannan taro a madadin yaron da ke lamba ta ashirin ko ta talatin a rajista.

Kaka kuwa ba ta ƙare ba, saura kusan wata biyu. Koci Michael Nunan ya ajiye aiki, Alan McConnell ya riƙe. Ka ƙaddara kanka a ɗakin sauya kaya irin wannan. Kowa ya san kulob ya mutu, kowa ya san gurbi takwas ne, kuma wanda kake miƙa wa ƙwallo shi ne kuke takarar gurbin da shi. Duk wasan da ya rage ya zama gwaji a gaban masu ido na sauran kulob. Ranar 25 ga Agusta suka yi wasansu na ƙarshe a Melbourne, a filin MCG, gaban mutum fiye da dubu 48, Richmond ta ci su da ratar maki 151. Richmond ɗin nan ita suka doke suka ɗauki kofin 1944. Ranar 1 ga Satumba suka rufe a Perth, can yammacin ƙasar, Fremantle ta ci su da ratar 86.

Ga takwas ɗin da Brisbane ta ɗauka: kyaftin Brad Boyd, Chris Johnson, Jarrod Molloy, John Barker, Simon Hawking, Scott Bamford, Shane Clayton da Nick Carter. In ban da Boyd, mafi yawansu matasa ne 'yan shekara ashirin ko kusa da haka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Brisbane ta zo ta uku a tebur a 1996, Michael Voss nata ya ci Brownlow tare da James Hird na Essendon. Ba ta neman wanda zai ceto ta gobe, tana neman wanda zai nuna nan da shekara uku. Sannan a tuna, duk ɗan Fitzroy da ya shigo cikin 44 ɗin nan, gurbin wani ɗan Bears ya ci. Sallamar ta taɓa gida biyu.

Sunaye biyu da babu a jerin su ne suka fi ɗaukar hankali. Na farko Matthew Primus, dogon da ke tsalle ya doke ƙwallo idan alƙali ya tayar da ita a tsakiya. Kaka ɗaya ya yi a Fitzroy, sabuwar Port Adelaide ta ɗauke shi, daga baya ya zama kyaftin ɗinta, aka sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan ƙasa a 2001 da 2002, har ya zama kocinta. Na biyu Martin Pike, wanda shi ne ma aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Fitzroy na 1996. Wato mutumin da kulob ɗin da kansa ya ce ya fi kowa a kakarsa ta ƙarshe bai shiga takwas ba. Shekaru ba su ne dalili ba, don bai cika ashirin da huɗu ba lokacin da kakar ta ƙare. An fi danganta abin da shakkun da ake yi kan rayuwarsa a wajen fili. Sauran kuma aka watsa su cikin ɗiban shekara. Wasu sun samu kulob, da yawa ba su sake taka filin AFL ba, suka koma gasannin jihohi da na karkara.

Ranar 1 ga Nuwamba 1996 aka ƙaddamar da Brisbane Lions. An ɗauki zakin Fitzroy, an ɗauki karin waƙarsa, wanda shi ma aro ne daga taken ƙasar Faransa, an sa wa lambar gwarzon kulob sunan Merrett da Murray, ɗaya daga kowane gida. Magoya bayan Fitzroy suka rabu. Wasu suka bi zakin, wasu suka koma wani kulob, wasu suka daina kallon ƙwallo gaba ɗaya.

To ina takwas ɗin suka ƙare? Hawking bai buga wa Lions ko wasa ɗaya a babbar gasa ba. Barker kaka ɗaya ya yi ya wuce Hawthorn, inda ya shekara kusan goma. Carter ya tafi Melbourne, Bamford ya tafi Geelong. Boyd, kyaftin ɗin da ake sa ran shi zai zama gada tsakanin gidajen biyu, rauni ya hana shi sakat har ya ajiye wasa a 1999. Ita kanta Lions ɗin da aka ce za ta gagara ta zo ta takwas a 1997, a 1998 kuma ta zo ta ƙarshe, aka sallami koci John Northey, aka kawo Leigh Matthews.

Shi kuwa Pike, North Melbourne ce ta ɗauke shi, kulob ɗin da aka hana haɗewa da Fitzroy. Clayton ma da ya bar Brisbane can ya nufa. A 1999 North ta doke Carlton a wasan ƙarshe, ƙarƙashin koci Denis Pagan, da Pike da Clayton duk a cikin tawagar. Ɗaya wanda aka tsallake, ɗaya wanda aka zaɓa sannan aka saki, sun ɗaga kofi tare tun Brisbane ba ta ga ko ɗaya ba.

Labarin bai tsaya nan ba. A ƙarshen 2000 North ta soke sunan Pike. Mutum mai shekara ashirin da takwas, kulob uku a bayansa, wato Melbourne, Fitzroy da North, yawanci nan ake cewa ya gama. Sai Matthews ya ɗauke shi a ɗiban wannan shekarar. Kulob ɗin da ya ƙi shi a 1996 ya dawo ya kashe gurbi a kansa bayan shekara huɗu. A daidai wannan lokaci Brisbane ta miƙa Molloy ga Collingwood ta karɓi Mal Michael, haifaffen Papua New Guinea, wanda ya zama ginshiƙin bayanta. Lions ta ɗauki kofi uku a jere: 2001 a kan Essendon, 2002 da 2003 a kan Collingwood. Pike yana cikin duka ukun. Kofi huɗu ke nan ga mutumin da bai cancanci shiga takwas ba.

Cikin takwas na asali, Chris Johnson kaɗai ya rage a ranar da aka ɗaga kofin 2001. Ɗan asalin ƙasar ne, mai tsaron baya, ya ci kofuna ukun, ya shiga zaɓaɓɓun ƙasa a 2002 da 2004, ya yi wa Lions wasa fiye da 200.

Da sauƙi mutum ya zauna yanzu ya ce Brisbane ta yi kuskure bakwai cikin takwas. Ni ban ga haka ba. Clayton ɗan wasan kofi ne, sai dai a wani gida. Barker ya yi doguwar rayuwa a gasar. Molloy ya yi shekara huɗu yana aiki, kuma shi aka ba da aka samo Michael. Raunin Boyd ba wanda ya isa ya hango shi. Idon masu zaɓen ya ga baiwa, abin da bai samu ba shi ne gurbin da zai raine ta, domin Brisbane ta riga ta cika da manya. Inda nake ganin sun gaza shi ne kan Pike, kuma gazawar ba ta ido ba ce, ta tsoro ce. Sun san ya iya, sun ga wasanninsa, sai suka auna cewa ba za su iya riƙe shi ba. Pagan ya iya na shekara huɗu. Matthews ya iya na shekara biyar. Ɗan wasan bai canza ƙafa ba tsakanin 1996 da 2001, kocin da zai karɓe shi ne ya canza. Idan kulob ya soke suna, sau da yawa abin da takardar ke nunawa shi ne halin da kulob ɗin ke ciki a wannan watan, da ƙarfin zuciyar mai riƙe da biro.

Akwai kuma wani abin da ba a lissafa shi cikin takwas ba, amma ya fi yawancinsu amfani. A AFL akwai dokar ɗa da uba, wadda ke ba kulob damar fara ɗaukar ɗan tsohon ɗan wasansa. Da aka haɗe, wannan haƙƙi na Fitzroy ya koma Brisbane. Ta nan aka samo Jonathan Brown a 1999, saboda mahaifinsa Brian Brown ya buga wa Fitzroy. Brown ya ci kofuna ukun nan yana ɗan saurayi, daga baya ya zama kyaftin. Ga kuma Lynch, wanda ya bar Fitzroy tun 1993 wasu magoya baya na yi masa kallon maci amana, ya tarar da zakin ya biyo shi har Brisbane, shi ma ya ci ukun.

A 2004 Brisbane ta sake kaiwa wasan ƙarshe tana neman na huɗu a jere, ta haɗu da Port Adelaide, kulob ɗin da mutuwar Fitzroy ta buɗe wa gurbi a gasar. Port ce ta ci. Kyaftin ɗinta Primus bai buga ba, rauni a gwiwa ya ajiye shi tun farkon kaka, Warren Tredrea ne ya ja tawagar. A ɗaya ɓangaren akwai Johnson, Pike da Lynch. Lynch ya ajiye wasa daga ranar, Pike ya bi shi a 2005, Johnson kuma a 2007, shi ne na ƙarshe a AFL cikin duk waɗanda suka taɓa sa rigar Fitzroy.

Kamfanin kulob ɗin na asali bai rushe ba. Ya fita daga hannun mai riƙo a 1998, ya haɗu da wata ƙungiya mai suna Reds a ƙarshen 2008, kuma tun 2009 yana buga gasar 'yan sa-kai ta Victoria da sunan Fitzroy, a filin titin Brunswick da ya bari a 1966.